Gashin Talotalo a Kafar Kubura

A ƙauyen Jelovec ba a auna namiji da faɗin gonar inabinsa, da bangon ɗakinsa ake auna shi. Mai kubura ɗaya a rataye mutum ne. Mai biyu, ana tashi a ba shi kujera a wurin biki. Vinko kuwa takwas gare shi, shi ya sa ko tari ya yi a taro sai a yi tsit, a ji ko magana ce za ta biyo baya.

Kubura dai ƙaramar bindigar toka ce irin ta kakanni, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, dutsen ƙyastu ya ba ta wuta. Na Vinko ba na kakannin ba ne da gaske, waɗancan suna can gidan tarihi na birnin Zagreb a bayan gilashi. Nasa ƙirar yanzu ce da aka kwaikwayo a Italiya, shekara ashirin da shida yana tara su ɗaya bayan ɗaya, dukansu ƙira guda, ƙota guda, kamar ƙwai a kwando. Matarsa Zlata ta sha faɗa cewa da yana shafa mata rabin man da yake shafa musu, da gwiwarta ta dama ba ta yi tsatsa ba.

Kowace safiyar Ista, da an fito daga coci, mutum takwas ke jeruwa a bakin katangar makabarta, su fuskanci kwari, su harba kuburorin Vinko ɗaya bayan ɗaya don murnar tashin Almasihu. Albarushi ne da takarda kawai, babu dalma. Ƙa'idar maharba ita ce kafin ka ɗura kowace bindiga, ka zura mata sanda ka ji ko cikinta wayam yake. Amma mazan garinmu, da girman kansu da ba ya ƙarewa, sun cire kuburorin Vinko daga wannan ƙa'ida. A ganinsu ka zura wa bindigar Vinko sanda, daidai yake da ka shinshina abincin surukarka a gabanta. Mutumin da bai taɓa kwana da ɗurarriyar bindiga a gida ba, wa zai tuhume shi?

To, a bana Vinko ba ya gari. Ran Litinin ta makon Ista ya fito daga ɗakin bindigoginsa, ya kai tsakar gida, ya dafe ƙirji ya zube. Aka kwashe shi zuwa asibitin birni, aka yi masa aikin zuciya, likita ya ja wa Zlata kunne cewa ko labarin mutuwar kaza kada a kai masa. Sai aka ba 'yarsu Nevenka gurbinsa a sahu. Malamar makaranta ce, shekararta talatin da huɗu, kuma ita ce mace ta farko da za ta tsaya a bakin katangar nan. Wasu sun yi gunaguni, amma shugaban maharban shi ne Imbro, yayan Zlata, wanda ya raine ta tun mutuwar ubansu. Da gunagunin ya kai gare shi, sai ya ce bai ji ba. Ba ƙarya ya yi ba kuma, don shekara hamsin yana harbi sun cinye masa kunne.

Ran Asabar da rana Imbro da Nevenka suka zo da kwando. Tsohon ya bi bango yana leƙa kowace kubura ta gefe, hancinsa kamar zai taɓa ƙarfen, sannan ya miƙa wa 'yar ƙanwarsa ta naɗe a tsumma.

"Kai, sun sha gyara!" ya faɗa da ƙarfi, irin na kurma. "Zlata, ke ce da wannan aiki? Da Vinko ya ga kin taɓa masa 'ya'ya, da zuciyar ta sake tsayawa."

"Ƙura ta yi musu yawa, Yaya. Ista guda a bar su haka?"

"Me kika ce?"

"Na ce ƙura!"

"Kura? Ina kura a Jelovec?" Ya yi dariya har da tari, don ya ji sarai, tsokana ce kawai. Suka ɗauki takwas ɗin suka tafi.

Ran Lahadi Zlata ba ta hau coci ba. Ta riga ta kai kwandonta na abincin Ista an sa masa albarka tun jiya, ga talotalo a tanda, ga mlinci, busasshen burodin nan mai faɗi, da za a jiƙa da romonsa, ga mutum goma sha ɗaya da za su zo cin abincin rana. Tana cikin kankare saiwar yaji, idanunta na ruwa, sai waya ta yi ƙara. Vinko ne, muryarsa a shaƙe amma da walwala.

"Tsohuwa, barka da Ista. Kin ƙona talotalon ko da saura?"

"Barka kadai, tsoho. Sun ba ka wayar ke nan? Ai na ce musu su ɓoye ta."

"Na sace. Nan wurin ko ƙwai ɗaya ba su ba mu ba, sai wani ruwan zafi da suke kira miya. Nevenka fa? Hannunta na rawa?"

"Tun asuba ta fita, ta fi ka ɗoki."

"Jinina ce. Ke, wa aka bari ba bindiga a cikinsu? Yanzu na tuna, magungunan nan sun mai da kaina tamkar kabewa. Bakwai ke nan suka ɗauka. Halan sun aro ta tsohon maharbin nan Jura? Waccan ai ba ƙara take ba, tusa take."

Zlata ta ajiye wuƙar. "Bakwai kamar yaya?"

"To, mai gashin ai ba za su taɓa ta ba. Wadda maƙeri ya sake wa toshin gindi. Ran Litinin na yi mata ɗurin gwaji, albarushi ninki biyu, dalma biyu, zan kai ta bayan gona in ɗaure a kututture in ja da doguwar igiya, sai abin nan ya kama ni. Allah ya so na soka mata gashin talotalo a kafar wuta kafin in fito. Ko makahon maharbi ya shafa ya ji gashi, ya san a ɗure take. Ke dai ki rufe ɗakin, kada wani ya je kusa. Wanda ya ƙara mata ɗuri a kan wancan, ai da hannunsa za ta tafi, in ma bai tafi da kansa ba. Tsohuwa? Kina ji na?"

Tana ji. Ran Alhamis ta fige talotalo a tsakar gida, iska ta watsa gashin ko'ina, har cikin takalma. Da ta gama ta shiga ɗakin da shekara da shekaru bai taɓa bari ta share ba, ta sauke kuburorin duka a kan tebur, ta goge su tas. A jikin ɗaya ta ga ɗan gashi maƙale a wata 'yar kafa. Ta zare shi tana tsaki, tana zagin iska, ta jefa a murhu. Sannan ta mayar da su bango yadda hannunta ya kai, wannan a ƙusar wancan. Shekara talatin da takwas suna tare, mutumin nan ya gaya mata sunan kowane maƙeri na Italiya, amma bai taɓa gaya mata ma'anar gashin tsuntsu a jikin bindiga ba. Wai wannan maganar maharba ce.

"Ina ji," ta ce. "Eh, ta Jura suka aro."

"Na sani. Za a ji ta daban. Buɗe taga ki ɗora wayar in ji harbin 'yata."

"Romo na ƙonewa, tsoho. Zan kira ka."

Ta kashe. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, har da ranar da ya faɗi a tsakar gida, don waccan ranar ba ita ta jawo ba. Ta kira Nevenka, waya ta yi ta ƙara babu mai ɗauka. Dama ta sani, maharba ba sa zuwa kusa da albarushi da waya ko taba, duk a mota suke barin su. Ta kira Jura, ta kira matar Jura, ta kira mai shagon ƙasan hanya. Gari duka yana coci, kowa ya kashe waya kamar mutumin kirki. Ta dubi agogon bango. Fada, limamin cocin, ba mai dogon wa'azi ba ne, musamman in ya san ana jiransa da cinyar alade.

Mota tana wurin Nevenka. Titi kuwa zagaye yake yi, sai ya bi ta gada kafin ya hau tudu. Sai dai hanyar gonakin inabi, matakalar ƙasa da duwatsu da ke miƙewa tsaye daga bayan gidansu zuwa ƙaramar ƙofar makabarta. Rabonta da ita shekara shida, tun da gwiwa ta hana. Ta fita yadda take, da ƙyallen girki ɗaure a ƙugu da silifas na ɗaka, ko tanda ba ta kashe ba.

An kwana ana ruwa, ƙasa ta yi santsi. Tun a layin inabi na uku silifas ɗaya ya maƙale a laka, ta bar shi, ta yar da ɗayan ma. Tana hawa tana kama turakun inabi, tana lissafi a zuci. Takwas ne. Ɗaya ce kawai a cikin takwas. Me zai sa ta faɗa hannun Nevenka? Ga Jura, ga 'ya'yan mai niƙa su biyu, ga sauran. Sai ta kama kanta tana zaɓar wanda za ta fi so abin ya faɗa wa, ta ji kunya, ta yi alamar gicciye da hannu mai laka, ta ci gaba da zaɓen.

Wani tunani ya zo ya ɗan sanyaya mata rai. Ko ba su zura sanda kafin ɗuri ba, ai dole su danna takarda da sanda bayan sun zuba albarushi. Tsohon hannu zai ji sandar ta tsaya da wuri, ta yi sama da yatsa uku. Jura zai ji. Kowane ɗayansu zai ji, ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Wataƙila ma tuni an gano, suna can suna dariya, suna cewa ashe Vinko ma ɗan Adam ne. Ta tsaya ta ja numfashi, ta dafa gwiwa.

A nan tunanin ya juya mata baya. Tsohon hannu ne zai ji. Wadda ta yi ɗuri sau biyar a duk rayuwarta fa, ina za ta san inda sanda ta saba tsayawa? Kuma ba ɗaya Nevenka za ta ɗura ba, biyu ce. Tun bara hannun Imbro ke rawa, albarushi na zube masa, sai dai a ɗura a miƙa masa. Jiya a gabanta ya ce wa Nevenka, "Bana ke za ki ɗura wa kawunki, in ga ko ubanki ya koya miki wani abu." Idan har aka fara harbi, to ba ɗaya cikin takwas ba ce. Ɗaya cikin biyu ce.

Ƙararrawar coci ta ɓarke a samanta.

"Yesu da Maryamu," ta ce, ta sa hannu da ƙafa a ƙasa tana hawa kamar akuya. Ƙararrawar ta yi ta bugawa, ta yi ta bugawa, Zlata na roƙon kada ta daina, don sai ta yi shiru ake fara harbi. Ta daina. Tsuntsaye ma suka yi tsit, ko kuwa ita ce ba ta jin su saboda bugun da ke kunnenta.

Harbin farko ya tashi, dum, mai nauyi, lafiyayye. Ya tsallaka kwari, ya bugi tudun da ke fuskantar coci, ya dawo. Haka ake yi, ba a sake harbi sai amon na baya ya je ya dawo ya mutu, sannan a buga ƙararrawa sau ɗaya. Ta san jerin kamar yadda ta san yatsunta: daga Jura a gangaro zuwa mafi ƙanƙanta, ita ce Nevenka ta bakwai, sannan shugaba ya rufe. Ta buɗe baki ta yi ihu, "Ku tsaya!" Abin da ya fito ko karen da ke gonar maƙwabta bai sa ya ɗago kai ba.

Na biyu. Ta zame, gwiwar nan ta bugi dutse, zafin ya hau har ƙeya. Ta tashi. Wata wayar ƙarfe da ake ɗaure inabi da ita ta kama mata siket, ta fizge, ta ji ya yage. Na uku. Kowane harbi mai kyau, da a ce wata shekarar ce, da ta ce madalla. Yau kowanne sai ya zame mata kamar an zare katako ɗaya daga gadar da take kai. Ta fara roƙon abin da ba a roƙo, ta ce Allah ya sa ta ji wata muguwar ƙara yanzu, a hannun kowa, kafin a kai ga na bakwai. Ta san zunubi ne, ba ta kuma janye ba.

Na huɗu ya tashi tana ganin saman katangar. Ƙirjinta na zafi, bakinta na ɗanɗanon ƙarfe. Ta tuna hannun Nevenka na dama, wanda take rubutu da shi a allo, mai ɗan tabon ƙuna a gindin babban yatsa tun tana shekara biyar. Na biyar. Hayaƙi fari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya gangaro ta kan katanga ya shiga mata ido. Ta kai ƙaramar ƙofar, ta tura, ƙofa ta ƙi. Ruwan sama ya kumbura katakon. Ta ja da baya ta bangaje ta da kafaɗa, ta faɗa ciki a kan gwiwoyinta, a tsakanin kaburbura biyu.

Na shida ya tashi a gefenta, har ta ji shi a haƙora.

Ƙofar a tsakiyar sahu take fito da mutum. Maharba takwas sun jeru da jajayen riguna, taku biyar tsakanin kowane da ɗan'uwansa, kowa da auduga a kunne, kowa ya fuskanci kwari. A bayansu igiya, a bayan igiya gari duka da kayan idi. Can ƙarshen hagu Imbro. Can ƙarshen dama Nevenka, ta miƙe ƙyam, ta ɗaga kubura sama, ta ja kunama baya ta ɗana, tana jiran amo ya dawo. Zlata ko kallon hagu ba ta yi ba.

Ta bi bayan maza uku da gudu, ƙafa ba takalmi, laka har gwiwa. Wani a cikin jama'a ya yi dariya, wata ta ce, "Zlata ce? Lafiya?" Ƙararrawa ta buga sau ɗaya. Zlata ta faɗa wa 'yarta ta baya, ta kai hannu ta rufe kan bindigar daidai lokacin da yatsan Nevenka ya ja. Dutsen ƙyastu ya sauko da ƙarfinsa, maimakon ya sami ƙarfe sai ya sami naman tafin hannu, ya nutse. Babu tartsatsi. Bindiga ba ta tashi ba.

"Mama!" Nevenka ta juyo, fuskarta ta yi fari. "Kin haukace ne? Sake ni! Mama, mutane na kallo, me kike yi min haka?"

Zlata ta ƙanƙame bindigar da hannu biyu, jini na bin ƙotar. Tana so ta yi magana, numfashi ya hana. Ta buɗe baki, iska kawai ke shiga da fita. "Ɗure," ta ce. "A ɗure... gashi..."

"Na san a ɗure take, ni na ɗura ta! Sake!"

Ƙararrawa ta buga, harbi na bakwai bai tashi ba. A wurin maharban Jelovec babu abin kunya kamar bindiga ta ƙi tashi ranar Ista, kuma suna da maganin abin: idan ta ɗan'uwanka ta ƙi, kai na gaba ba ka jiran ƙararrawa, sai ka harba nan take ka rufa masa asiri, na nesa ba zai san an yi tsallake ba. Imbro ba ya jin ihu, hayaƙin harbi shida kuma ya tare masa gani. Abin da ya sani kawai, lokacin 'yar ƙanwarsa ya zo, ƙasa ba ta girgiza a ƙarƙashin ƙafarsa ba. Ita da ya tsaya mata a gaban masu gunaguni. Sai a lokacin Zlata ta juya hagu, ta hango jar riga a cikin hayaƙi, da hannu mai rawa yana tashi sama.

"Yaya!"

Ba dum aka ji ba. Wata ƙara ce mai kaifi, kamar an tsaga babban faranti na ƙarfe, wani abu ya yi fito ya wuce ta kan jama'a ya bugi bangon coci. Amon ya je ya dawo. Ba wanda ya buga ƙararrawa.

Abin da Zlata ta fara yi, ita kanta ba za ta yafe wa kanta shi ba. Ba ta ruga wurin yayanta ba. Hannun Nevenka ta kama, ta juya shi, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, biyar cif, da ɗan tabon ƙunar, ta ji wani daɗi ya ratsa ta tun daga kai har ƙafa. Sai da mata suka fara kururuwa sannan daɗin ya koma mata ɗaci.

Sun same shi zaune a ƙasa, ya jingina da katanga, hularsa ta faɗi. Rabin fuskarsa ya yi baƙi da albarushi. Ya rungume hannun dama a ƙirji, jar rigar ta ƙara duhu, abin da ya rage na hannun ba abin kallo ba ne. Ƙotar kuburar na gefensa, bututun ya buɗe kamar ɓawon ayaba. Zlata ta kwance ƙyallen girkinta ta ɗaure masa dantse, Jura ya sa sandar ɗuri ya murɗa ƙullin har jinin ya rage. Wani ya ruga mota neman waya. Fada ya durƙusa yana addu'a, rigarsa ta idi a cikin laka.

Imbro ya ɗago kai yana neman wani a cikin fuskokin. Da ya ga Nevenka, sai ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Taki ta ƙi, ko? Dutsen ne. Ba komai, 'yata, kowa ta taɓa ƙi masa."

Nevenka ta zube a gabansa, ta toshe baki da hannu biyu. "Ni na ɗura ta," ta ce. Ta juya ga Jura, ga Fada, ga duk wanda ke kusa. "Ni na ɗura masa. Wayyo Allah, ni ce. Na zuba da yawa ke nan. Na auna, wallahi na auna, amma hannuna na rawa. Kawu, na kashe maka hannu!"

Daga bayan igiya wata murya ta namiji ta ce, ba da ƙarfi ba amma kowa ya ji, "Dama an faɗa. Mace da albarushi."

Imbro bai ji ba, amma ya ga bakin Nevenka, ya ga yadda mazan suka dubi juna. Ya tattara ƙarfinsa ya ɗaga murya.

"Ku saurara, ku duka! Ni na ƙara mata. Da yarinyar nan ta miƙo min, na juya baya na ƙara awo biyu, ina so tawa ta fi ta kowa ƙara. Tsufa ne da wauta. Wanda ya ɗora wa Nevenka laifi, ni da shi ne."

Wasu suka gyaɗa kai, don ƙaryar ta yi kama da shi. Zlata na durƙushe, hannunta a kan ƙullin da ke dantsensa. Ga hanya a buɗe an shimfiɗa mata. In ta yi shiru, gari zai ce gangancin tsoho ne, ita kuma uwa ce da gabanta ya faɗi ta hawo tudu. Vinko kaɗai zai gane, shi kuma za a iya lallaɓa shi. Tsoron faɗar ya kusa kai tsoron da ta hawo da shi. Sai ta dubi Nevenka. Yarinyar ba ta yarda da ƙaryar ba ko kaɗan, don ta san bindigar ba ta bar idonta ba tun da ta ɗura ta. Tana kallon hannayenta biyu masu lafiya kamar ba nata ba, kuma haka za ta yi ta kallonsu har ta tsufa.

"Ba ita ba ce, Yaya," in ji Zlata. "Ba kai ba ne kuma. Ni ce."

Ya ƙura wa leɓɓanta ido, ya kasa karantawa, don rawa suke. "Me kika ce?"

"Na ce ni ce. A ɗure take tun Litinin. Vinko ya sa mata gashi, ni na cire."

Jura, da ke kusa, ya ɗago kai a hankali ya dube ta. Nevenka ta sauke hannu daga baki. Imbro kuwa ya girgiza kai, ya karkato mata da kunnen hagu, wanda ke ɗan ji, audugar na nan a ciki ta yi baƙi.

"Kin san halin kunnen nan, Zlata. Ɗaga murya, ƙanwata, ban ji ba."

Ta sa yatsu biyu ta zare masa audugar. Jama'a sun tsallako igiya sun kewaye su, babu mai ko tari. Zlata ta dafa kafaɗarsa, ta kai baki daf da kunnen, ta cika ƙirji da iska, ta faɗa da iyakar ƙarfin muryarta, yadda har na bakin ƙofar coci suka ji.